Ta Daina Cijewa, Takwara

Durumi, Abuja.

Zuwa ga takwarana Iliyasu, wanda muke kira Halifa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gaisuwar da ta daɗe a bakina ban sami wanda zan yi wa ba. Ina fata kana lafiya, kai da mamanka da babanka da ƙannenka. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafar kakarka Iya da ke tashi idan hadari ya haɗu. Allah ya tsare ka a hanyar da za ka kama, ya sauke ka lafiya, ya haɗa ka da abokan ɗaki na kirki.

Malam Sule direban gidanku ne ya tsaya a bakin masallacinmu ya gaya mini ka sami jami'a a Zariya. Ban san sa'ad da na kama hannunsa da hannu biyu ina jijjigawa ba, har hulata ta faɗi ƙasa. Na shiga gida ina kiran Iya tun daga ƙofa, ta fito da ludayi a hannu, ta ɗauka gobara ce. Da ta ji labari sai ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo. Lokacin da babanka ya shiga tasa jami'ar ban san girman abin ba, don ko sunana ban iya rubutawa ba a lokacin. Sai da furfura ta fito mini na zauna a ajin yamma na manya, a kan bencin 'yan firamare wanda gwiwata ba ta shiga ƙarƙashinsa, sannan na gane wahalar da ke cikin karatu. Yau ga mai sunana zai tafi. Alhamdu lillahi. Murnar nan har yanzu ba ta sake ni ba.

Amma ka lura a bakin wa na ji. A bakin direba.

Malam Sule ya ce sabon injin wasan da aka saya maka a gida za ka bar shi, kuma babanka ya ba ka tsohuwar kwamfutarsa ta hannu ka tafi da ita makaranta. Na san ka sarai. Kafin ka buɗe littafi za ka sa mata wasan ƙwallo, kuma da yake tsohuwa ce za ta riƙa cije maka kamar yadda tamu ta nan ta yi. Shi ya sa na zauna in rubuta maka abin da na koya a kan wannan cuta, don na sha wahalarta, kuma yawancin wahalar ni na jawo da hannuna. Sannan ina da buƙata guda ɗaya, ba zan ɓoye ta sai ƙarshen takarda ba: ina so ka zo Durumi kafin ka tafi.

Ka san yadda kwamfutar nan ta shigo gidan nan. Da kuɗi suka yalwata a ma'aikatu, aka kawo wa kowane ofis sababbi masu siririn allo, tsofaffin kuma aka tara su a bayan matakala aka yi gwanjonsu. Ni masinja ne a lokacin, na kusa ritaya, kuma a ajin yamma Malama Ladi ta fara nuna mana yadda ake kunna kwamfuta da buga takarda. Na ɗauko ɗaya don in riƙa gwada hannuna. Ban yi nisa ba ka ƙwace ta. Ka zo wani hutu, ka sa mata ƙwallo, ka jona mata hannayen wasa guda biyu. Daga nan duk Asabar sai ga ka a ƙofa, kai da ɗan ajinku Nasiru. Iya ta ce, "Mai gidana ya zo da cefane ko hannu rabbana?" Ka ce, "Iya, ai tsohon mijinki ne zai yi cefane, ni sarauta na zo yi." Ni kuwa ina gefe a kan buzu, ban san wa ke cin wa ba, amma ihunku ya fi mini rediyo.

Na san ba don ni kake zuwa ba. Babanka ya hana wasa a gidansa a lokacin, a nan ne kawai kake samu. Ban damu ba. Ko don me ka zo, a ɗakina kake zama, tuwon Iya kake ci.

Sai ta fara. Ɗan wasa yana gudu da ƙwallo sai ya ƙame, ƙafa ɗaya a sama, sannan ya yi tsalle ya bayyana a wani wuri, ƙwallo ta riga ta shige raga. Ka buga cinya ka ce, "Tsoho, abar nan taka tana hukin!" Na ce, "Kai ne ba ka iya ba, kake ɗora wa baiwar Allah laifi." Muka yi dariya ranar. Daga baya abin ya daina ba kowa dariya.

Abin da na fara yi shi ne neman mai laifi. Na ga Nasiru yana zaro ɗan filashi daga aljihu yana cusa mata, na kuma ji a ofis ana cewa ta nan ƙwayar cuta ke shiga. Ban bincika ba, ban tambayi kowa ba. Na ce masa, a gabanka, "Kai yaro, kar ka sake sa wannan abin a kayana, kai ka lalata ta." Yaron ya mai da filashinsa aljihu ya ce, "Yi haƙuri, Baba." Bai sake takowa gidan nan ba. Ita kuwa kwamfuta ta ci gaba da cijewarta babu filashi babu Nasiru. Takwara, idan taka ta fara, kar ka ɗaga kai ka dubi wanda ke kusa da kai. A makaranta za ka zauna ɗaki ɗaya da mutane, za su taɓa kayanka. Kafin ka ce wane ne, ka fara sanin mene ne. Maganar da ka faɗa wa mutum a gaban abokinsa ba ta komawa ciki, ko da daga baya ka gano fankar cikin kwamfutar ce ta toshe.

Da na ƙudurta cewa ƙwayar cuta ce, sai na sa wani ɗan ofishinmu ya zuba mata maganin ƙwayar cuta. Akwai wani a ciki tun daga ma'aikata, amma na ce a ƙara, biyu sun fi ɗaya ƙarfi. Ashe su biyun ba sa ga maciji da juna. Kowanne yana ɗaukar ɗan'uwansa ɓarawo, suna ta binciken juna, ita kuma tana nishi a tsakaninsu. Kafin ma a buɗe wasa sai an yi ta jira. Guda ɗaya ya isa. Kuma kafin ka fara wasa ka rufe duk abin da ke buɗe a baya, waƙa ce, hoto ne, shafin intanet ne. Tsohuwar kwamfuta aiki ɗaya take iyawa a lokaci ɗaya, idan ka haɗa mata uku duka ukun za ta ɓata.

Sai zuwanka ya fara ja baya. Wata Asabar ka zo, wata ba ka zo ba. Idan ka zo ka yi wasa kaɗan, ta cije, ka yi tsaki ka ajiye hannun wasan, ka fita waje kana danna waya har Malam Sule ya dawo ɗaukarka. Iya ta kan ce mini, "Malam, ka gyara abin nan mana, yaron nan zai daina zuwa." Kamar ban sani ba.

Na naɗe ta a bargo na sa a tasi na kai wa wani mai gyara, Mista Sande, a wani bene a Wuse. Shagonsa da na'urar sanyi, har sai da na ja babbar rigata. Ya ce, "Baba, yaushe yake fara wannan wahala? Da ka kunna, ko sai ya daɗe?" Ni kuma don in nuna masa abin ya yi tsanani, na ce, "Kullum! Ko yaushe!" Ya jona ta, ya buɗe ƙwallo, ya buga wasa guda har ƙarshe. Ko gezau ba ta yi ba. 'Yan wasa suna gudu sumul kamar an shafa musu mai. Ya dube ni ya ce, "Oga, kwamfuta naka lafiya lau. Ya tsufa dai, amma ba ya ciwo." Na ce wallahi a gida cijewa take. Ya ce, "To ko wutan gidanka ne." Na sauko benen nan da ita a kafaɗa ina jin kunya kamar wanda aka kama da ƙarya.

Mutumin nan tambayar da ta dace ya yi mini, ni ne na ba shi amsar banza. Da na tsaya na tuna, da na ce masa da farko lafiya take, sai an jima da fara wasa take soma cijewa, kuma ta fi yi da rana tsaka. Da ya ji haka da ya gano a take. Ka riƙe wannan: kafin ka taɓa komai, ka zauna ka kalle ta. Yaushe take farawa? Tana sanyi ko ta ɗau zafi? A wasa ɗaya ne ko a duka? A wutar gari ko a janareta? Idan ka je wurin mai gyara, abin da ka gani za ka faɗa, kar ka ƙara gishiri don a tausaya maka.

Saboda maganar wuta da ya yi, na sayo sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta. A ranar da na jona ta, a ranar Iya ta kwashe kayan ɗaki ta kai wanki. Ka zo da yamma ka yi wasa, ba ta cije ba ko sau ɗaya. Ka ce, "Tsoho, yau ka yi abin kai." Na kwana ina yabon sitabilaiza. Asabar ta gaba ta koma halinta, har ta fi da. Ka tashi tsakiyar wasa ka ce, "Ni na gaji da wannan akwalar." Ranar ce ta ƙarshe da ka zauna a ɗakin nan. Ka ga, abu biyu ne suka canza a ranar da ta yi lafiya, ni ɗaya na gani. Idan kana neman inda cuta take, abu ɗaya za ka canza, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Idan ka canza biyu ta warke, ba ka san wanda za ka gode wa ba, kuma za ta dawo.

Da ka daina zuwa, ba wanda zai gwada mini ita. Buga takarda ba ya sa ta cije, sai ƙwallo. Dole na ɗauki hannun wasan da kaina. Ka yi dariya in ka ga dama. Tsoho da gemu yana danne-danne, ɗan wasana yana gudu ya nufi ragar gidanmu, Iya tana tsaye a ƙofa tana cewa, "Malam, a girmanka? Idan liman ya shigo fa?" Na ce in ya shigo a ba shi ɗaya hannun. A haka na koyi ba da ƙwallo, na koyi bugawa, ina jiran ta cije in ga yadda take yi.

Wata rana bayan azahar ina cikin haka, ta fara, sai na miƙa hannu in dafa ta in tashi. Na janye da sauri. Mayafin da ke kanta ya yi zafi kamar burodin da aka fito da shi daga tanda.

Ka tuna mayafin. Iya ce ta saƙa shi da zaren ulu, ja da fari, irin wanda take rufe rediyo da talabijin da kwanukanta. A gidanmu abu mai daraja ba a barinsa tsirara, haka muka tashi. Ta rufe akwatin kwamfutar ruf, har ƙasa. Amma kar ka ɗora mata laifi, nawa ya fi nata. Tifofin da ke kai ƙasa wurin gine-ginen bayanmu suna tayar mana da jar ƙura har cikin ɗaki, ni kuma da na ga ramuka a jikin akwatin da bayansa sai na ce ta nan ƙura za ta shiga. Na samo salatif na liƙe su ɗaya bayan ɗaya, na tura ta lungu na manna bayanta da bango. Ina ganin gata na yi mata. Ashe ramukan nan ta nan take shan iska. Mu biyu muka taru muka toshe mata hanci saboda ƙauna, sannan muka zauna muna mamakin me ya sa take haki. Ranar wanki an ɗauke mayafi, shagon Mista Sande kuma da sanyi babu mayafi, shi ke nan duk sirrin.

Na ɓare salatif, na kwance murfin gefe. Abin da na gani ya ba ni haushin kaina. Ƙurar da nake gudu ta shiga ta inda ban liƙe ba, ta taru a kan fanka ta yi kauri kamar auduga, fankar da kyar take juyawa. A wani lungu har zanzaro ya yi gininsa na laka. Na ɗauke ta na kai wa Ɗanjuma mai facin taya a bakin titi, ya sa bututun iskarsa ya hure ta. Ƙura ta tashi ta rufe mu, yana tari yana cewa, "Baba, wannan gona ce ko kwamfuta?" Idan za ka yi haka, ka cire ta daga wuta tukuna, ka riƙe fankar da yatsa kar iska ta juya ta fiye da ƙarfinta, kuma ko da wasa kar ka kusanto da ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma. Taka ta hannu ce, ramukanta a ƙasa suke da gefe. Na san 'yan makaranta, a kan katifa suke ɗorawa ko a kan filo. Katifa ita ce mayafin Iya. Ka sa ta a kan tebur, ka ɗan ɗaga bayanta, ka riƙa taɓa ta da bayan hannu. Idan ta yi zafi ka bar ta ta huta, kai ma ka buɗe littafi.

Bayan wannan ta yi sauƙi sosai, amma idan 'yan wasa suka taru a bakin raga tana ɗan ja. Na koma wurin Mista Sande, wannan karon na faɗa masa gaskiya tiryan-tiryan. Ya cire maganin ƙwayar cuta ɗaya. Sannan ya shiga cikin wasan ya nuna mini inda ake rage masa ado. Ya cire inuwar 'yan wasa, ya rage kyan ciyawa, ya kashe 'yan kallo. Ya ce, "Baba, ka zaɓa. Ko ya yi kyau ya tsaya, ko ya yi muni ya gudu." Na ce a bar shi ya gudu. Yanzu fuskokin 'yan wasan sun ɗan dushe, filin kuma babu kowa a kujeru, amma ƙwallo tana tafiya ba tangarɗa. Kai ma kar ka ji kunyar rage ado. Abokanka masu sababbi za su leƙo su ce hoton naka ya yi dishi-dishi. Bar su su faɗa. Kar ka tilasta wa tsohon abu ya yi kamar sabo, ka duba abin da zai iya ka tsaya a nan.

A ranar na kira babanka a waya. Na ce, "A gaya wa takwarana ta gyaru, ya zo Asabar." Ya ce, "Baba, wai har yanzu kana fama da wannan tarkacen? Ai mun saya masa sabo, tunda ya ci jarrabawa. Ka ba 'yan gwangwan su ɗauka mana." Na ce na ji, amma dai a gaya masa. Ya ce, "To, to, Baba, ina mitin," ya kashe.

Ba zan zagi babanka a gabanka ba. Ɗana ne, kuma yana yi mana aike, ba mu rasa ci ba. Amma garin nan ya koya masa wani hali da ban koya masa ba. Tun da abubuwa suka buɗe musu, duk abin da ya fara jan ƙafa ba a tambayar me ke damunsa, sai a kawar da shi a kawo wani. Mota haka, waya haka, kujerun falo haka. Unguwarmu ma an zo an shafa wa wasu gidaje jan fenti na alamar rusau a can gangare, an ce ba ta dace da birni ba. Ni da na ɗauke shi a kafaɗa na kai shi makarantar da ni ban shiga ba, yau idan na yi magana a waya ina jin yadda yake jira in gama. Kar ka ɗauko wannan, Takwara. Za ka yi ilimi, wataƙila ka fi shi. Idan abu ya fara ba ka wahala, ka buɗe shi ka duba tukuna. Sau da yawa ba mutuwa ya yi ba.

Na yi ta jira Asabar bayan Asabar. Iya tana dafa tuwo da yawa, da yamma ta raba wa maƙwabta. Har yau ban sani ba, ko an gaya maka ka ƙi zuwa, ko ba a gaya maka ba sam. Na kan zaɓi na biyun don in sami barci. Shi ya sa ban bi ta waya ba wannan karon. Takardar nan a hannun Malam Sule zan ba da, na kuma roƙe shi ya sa ta a hannunka, ba a teburin falo ba.

To yanzu ka ji daga bakina. Ta daina cijewa. Ina kunna ta bayan la'asar in buga da ita, ta kan ci ni, wani lokaci in rama. Ɗaya hannun wasan yana nan a rataye, ba wanda ya taɓa shi.

Na san Durumi ba a kan hanyar Zariya take ba, sai an yi baya. Na san kuma akwai sallama da 'yan'uwan mamanka da sayayya da ɗinki. Ban ce ka wuni ba. Ka zo mu buga wasa ɗaya, ka ci abin da Iya ta dafa, in dafa kanka in yi maka addu'a da bakina, ba a takarda ba. Idan ka ga Nasiru ka taho da shi, ina da magana da shi. Ba zan sake aiko kowa ba, ba zan kuma kira babanka ba. Idan ba ka zo ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba, addu'ata za ta bi ka duk da haka. Amma ni tsoho ne, kai kuma karatun da za ka shiga dogo ne, kuma ban san ko za ka dawo ka tarar da ɗakin nan a tsaye ba.

Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin dare da sharrin mugun aboki. Allah ya buɗe maka ƙirji, ya sa abin da za ka karanta ya zauna, ya amfane ka ya amfani mutane. Ka riƙe salla a kan lokacinta. Iya tana gaishe ka, ta ce a gaya wa mai gidanta in bai zo sallama ba ta sake shi. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya sa mu gana.

Wassalam.

Ni ne kakanka kuma takwaranka,
Iliyasu.